Ƙashin Kai A Ƙarƙashin Fatar Ciki: Jinyar Wanda Ya Bugu A Ƙwaƙwalwa

 A makon jiya na yi muku alkawarin ci gaba da bayani a kan hawan jini, to amma sai ku yi mini afuwa, gama wata ziyara da na kai Kafanchan ta sa na ɗage wancan zance zuwa wani makon. Abin da na gano a can ya tsaya mini a rai, kuma na tabbata akwai gidaje da yawa a ƙasar nan, daga Sakkwato har Yola, waɗanda suke cikin irin wannan hali, ba su sami wanda zai zauna ya warware musu shi da harshen da suke ji ba.

Ina da wani amini a garin, tsohon ma'aikacin reluwe ne tun zamanin da Kafanchan take ji da kanta a matsayin mahaɗar jiragen ƙasa, inda layin da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi yake rabuwa biyu, ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau dutse wajen Jos. Ɗansa na uku, wanda zan sakaya sunansa, magidanci ne mai mata ɗaya da 'ya ɗaya, sana'arsa kuwa sarin citta a ƙauyukan Kwoi da Kachia. A cikin watan Disamba na 2023, watau shekarar da annoba ta cinye gonakin citta a kudancin Jihar Kaduna ta karya jarin mutane da yawa, yana bisa babur da yamma tsakanin Kagoro da Kafanchan sai wata mota ta goge shi, ya faɗi, kansa ya bugi gefen kwalta. Babu hular kwano a kansa. Ya ɗan suma, ya farfaɗo, ya miƙe ya karkaɗe rigarsa, har ya tsaya musu da direban a kan kuɗin gyaran babur. Jama'a suka ce a tafi asibiti, ya ce ai ƙujewa ce kawai. Ya koma gida ya ci tuwonsa.

Wajen ƙarfe tara na dare ya fara kukan ciwon kai, ya yi amai sau biyu, sa'an nan ya kwanta. Matarsa ta ce a bar shi ya huta, ai gajiya ce. Can cikin dare sai ta ji yana wani irin munshari da ba ta taɓa jin ya yi ba. Ta kira sunansa shiru, ta girgiza shi shiru. Da ita ma barci ya ɗauke ta a wannan dare, da yau ta'aziyya na je yi, ba ziyara ba.

To, mene ne ya faru a tsakanin faɗuwarsa da wannan munshari? Idan mutum ya bugu a ƙauri, wurin yakan kumbura, fata ta ba kumburin hanya, bayan 'yan kwanaki ya saɓe. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta da wannan sarari. Tana zaune ne a cikin ƙoƙon kai, wanda a jikin babban mutum rufaffen akwati ne na ƙashi, ba ya miƙewa, ba ya buɗewa. Abu uku ne suka cika akwatin: ita kanta ƙwaƙwalwar, wadda nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, da jinin da yake zagayawa a cikinta, da wani ruwa garai-garai da take shawagi a ciki. Wasu likitoci biyu na ƙasar Sikotilan, Alexander Monro a 1783 da George Kellie a 1824, su ne suka fara bayyana cewa idan ɗaya daga cikin ukun nan ya ƙaru, tilas sauran su matsa. Idan jijiya ta tsinke jini yana taruwa, ko kuwa naman ƙwaƙwalwar ya ƙuje yana kumbura, da farko jiki yakan yi dabara ya rage ruwan da jinin domin a sami wuri. A wannan tsakani ne mutum yake tafiya yana magana kamar ba abin da ya same shi. Da zarar dabarar ta ƙare, sai matsi ya hau gaba ɗaya, jini ya kasa shiga ƙwaƙwalwa, ita kuma ta fara turuwa ƙasa wajen ramin da ke gindin ƙoƙon kai, ta danne sashen da yake riƙe da numfashi da bugun zuciya.

Kada mai karatu ya zaci talaka ne kaɗai wannan ɗan sarari na ƙarya yake ruɗa. A watan Maris na 2009 wata shahararriyar 'yar wasan kwaikwayo ta Ingila, Natasha Richardson, ta faɗi a wurin wasan zamiya bisa ƙanƙara a Kanada, ta tashi tana magana, ta ce lafiyarta lau, ta ƙi a duba ta. Bayan kwana biyu ta rasu, jini ne ya taru tsakanin ƙashi da rigar ƙwaƙwalwarta. Saboda haka duk wanda ya bugu a ka har ya suma, ko da na minti ɗaya ne, asibiti ya kamata ya nufa, ba gida ba. Haka nan wanda ciwon kansa yake ƙaruwa, ko yake ta amai, ko barci yake rinjayarsa ana tashinsa da ƙyar, ko ya fara sambatu, ko hannu da ƙafa na ɓari ɗaya suka yi sanyi, ko ya yi jijjiga, ko ɗan baƙin tsakiyar idonsa ɗaya ya buɗe ya fi ɗayan girma, ko kuma ruwa ko jini yana fita ta hancinsa ko kunnensa. Wannan ruwa fa ba a toshe shi da auduga.

Akwai kuma ɓarnar da mu masu taimako muke yi da kyakkyawar niyya. Da an yi haɗari sai ka ga wani ya kamo hannu, wani ya kamo ƙafa, kai yana reto, alhali kuwa wanda ya bugu a ka sau da yawa wuyansa ma ya taɓu. Wani ya kawo ruwa ko madara ko manja a ɗura wa wanda bai san inda kansa yake ba, abin ya wuce huhu. Wani a ɗora shi a babur tsakanin mutum biyu a yi ta bin gargada da shi. Abin da ya dace shi ne a riƙe kai da wuya daidai da gangar jiki, a ɗauke shi a miƙe bisa katako ko ƙyaure, in yana amai a juya shi gaba ɗaya kamar gungume ya kwanta a gefe, kada a ba shi kome ta baki. Lambar kiran Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ita ce 122. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta hana kowane asibiti ƙin ba da taimakon gaggawa bisa kowane dalili, ko da yake ni da ku mun san tazarar da ke tsakanin takarda da ƙofar asibiti.

Nan ne fa matsalar mutanen kudancin Kaduna take. Ba a iya sanin abin da ke cikin ƙoƙon kai sai da na'urar nan mai ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, wadda ake kira siti-sikan, ba kuwa mai buɗe kan sai likitan da ya ƙware a fiɗar ƙwaƙwalwa. A Nijeriya kowane ɗaya daga cikin irin waɗannan likitoci yana ɗauke da mutum fiye da miliyan ɗaya, kuma a manyan birane suke. Mutumin Zonkwa ko Manchok ko Gwantu ko Godogodo, in abin ya same shi, sai dai a nufi Jos, ko Abuja, ko Kaduna, ko Shika ta Zariya, kowacce kuwa tafiya ce mai nisa a mota, ko da hanya ta yi kyau, kuma in dare bai hana fita ba. Aminina da asuba suka ɗauki hanya a motar haya, bayan wani ƙaramin asibiti ya sa wa yaron ruwa ya ce abin ya fi ƙarfinsa. Da suka isa babban asibitin da aka tura su, sai aka ce na'urar hoton ta lalace, su fita cikin gari su yi na kuɗi su dawo. Ya ce mini, "Abokina, shekara talatin na yi ina kiyaye lokacin jirgi, amma ban san tsadar minti ɗaya ba sai ran nan."

Hoton ya nuna gudan jini a ɓarin hagu, ga kuma ƙwaƙwalwar ta ƙuje ta kumbura. Likita ya gaya musu makin yaron bakwai ne. Wannan maki na wani ma'auni ne da likitoci biyu na birnin Gilasgo, Graham Teasdale da Bryan Jennett, suka fitar a 1974, ana duba buɗe ido da magana da motsi, lafiyayye ya sami 15, mafi ƙaranci 3, kuma daga 8 zuwa ƙasa rauni ne mai tsanani. Ina ba masu jinya shawara su riƙa tambayar wannan maki kowace safiya, ya fi "yana samun sauƙi" da akan sallame su da shi.

Aikin da aka yi masa shi ne wanda ya kawo ni ga rubutun yau. Likita yakan yanka fatar kai ya naɗe ta gefe, ya yanke ƙashi mai faɗin tafin hannun babban mutum ko fiye, ya tsaga rigar ƙwaƙwalwa mai kauri, ya kwashe jinin, ya tsayar da jijiyar da take zuba. In ƙwaƙwalwar ta lafa, sai ya mayar da ƙashin nan take. In kuwa ta ci gaba da kumbura tana ɓullowa, mayar da ƙashin daidai yake da sake rufe tukunyar da take tafasa, don haka sai ya ɗinke fata kaɗai ya bar wurin ba ƙashi. Shi kuma ƙashin da aka cire, ko dai a sa shi cikin firiza ta musamman mai tsananin sanyi, ko kuwa a tsaga fatar cikin majinyacin a ajiye shi a ƙarƙashinta. A ƙasar da wutar lantarki ba ta da alkawari, kuma kayan ajiya sukan yi ɓatan dabo, ba sai na gaya muku wace hanya ce ta fi kwanciyar hankali ba.

Da aka yi wa mahaifiyar yaron wannan bayani, sai ta dafe ƙirji ta ce, "Likita, don Allah ka maimaita mini. Kan ɗana ne yake cikin cikinsa?" Likitan ya ce, "Mama, ajiya muka ba shi, zai dawo mana da ita." Kada kowa ya yi mata dariya. Abin yana da ban tsoro ga wanda bai taɓa ji ba, ko da yake ba sabo ba ne. Theodor Kocher na Suwizalan ya yi rubutu a kansa a 1901, Harvey Cushing na Amurka ya bi baya a 1905. A nan gida kuwa Farfesa Latunde Odeku ne ya kafa sashen fiɗar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Ibadan a 1962, a Arewa kuma sunan Farfesa Bello Bala Shehu ba ya rabuwa da cibiyar fiɗar ƙwaƙwalwa ta Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Likitocin Ibadan ɗin ma, cikinsu har da Farfesa Amos Adeleye, sun bayyana wata dabara mai sauƙin kuɗi, inda ake barin ƙashin maƙale da tsokar gefen kai kamar ƙyaure bisa hinji, ya ɗaga in ƙwaƙwalwa ta kumbura, ya koma in ta saɓe, domin a hutar da talaka biyan aiki na biyu.

Sai dai akwai wata gaskiya mai ɗaci wadda nake ganin haƙƙin dangi ne a gaya musu tun kafin su sa hannu. Cire ƙashi yana rage matsi, amma ba ya gyara naman ƙwaƙwalwar da ya riga ya lalace. Wani bincike da aka buga a 2011, wanda aka yi a Ostireliya da Niyuzilan da Saudiyya a kan mutum 155, ya nuna cewa gaggauta yin aikin tun matsin bai yi tsanani ba bai amfani majinyata ba. Wani kuma da Jami'ar Kambirij ta jagoranta aka buga a 2016, a kan mutum 408 a ƙasashe 20 waɗanda magani ya kasa sauko musu da matsin, ya nuna cewa bayan wata shida kimanin kashi 27 cikin ɗari ne suka rasu a cikin waɗanda aka yi wa aikin, alhali a ɗaya ɓangaren kusan kashi 49 ne. To amma a cikin waɗanda aka yi wa aikin, fiye da kashi 8 sun rayu ne ba su san inda suke ba, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 2 kacal. Watau aikin yana ƙwato rai, amma ba kowane rai ne yake dawowa da mai shi yadda aka san shi ba. Likitan da ya ɓoye wannan bai kyauta ba, dangin da suka ji suka fasa aikin saboda tsoro su ma sau da yawa ba su kyauta ba.

Yaron aminina ya yi kwana goma sha ɗaya bai farka ba. Farkawar kuma ba irin ta wasan kwaikwayo ba ce, inda mutum zai buɗe ido ya nemi ruwa ya tambayi ina yake. Da farko ido ne yake buɗewa ba ya ganin kowa. Bayan kwanaki ya fara bin mutum da kallo. Sa'an nan ya shiga wani hali na fizge-fizge, yana cire robar hanci, yana duka, yana ihu cikin dare, har wasu dangi suka fara raɗa cewa iska ce ta shige shi a wurin da ya faɗi. Ba iska ba ce. Mataki ne sananne da ƙwaƙwalwa take bi in tana dawowa, mutum yana farke amma ba ya riƙe abin da ya faru minti biyar da suka wuce, kome baƙo ne a gare shi. Maganinsa ɗaki mai shiru, fuskokin da ya sani, da maimaita masa a hankali ko wane ne shi, ina yake, yau wace rana ce. Al'adarmu ta cika ɗakin majinyaci da 'yan dubiya ashirin kowa yana cewa "Ka gane ni?" ba ta yi masa amfanin kome ba, sai ƙara ruɗa shi.

Bayan sati shida aka sallame shi, kuma a nan ne ainihin jinyar ta fara, domin asibiti yakan ƙwato rai, amma a tsakar gida ake sake gina mutum. Ya dawo Kafanchan gefen kansa na hagu a lotse kamar ƙwaryar da aka danna, in ka lura kana ganin fatar tana harbawa da bugun zuciya. Yara suna leƙe ta katanga. Tsakanin yatsa da ƙwaƙwalwarsa ba kome sai fata, don haka aka hana shi kwanciya a wannan ɓari, aka hana shi hawa babur ko da goyo ne, aka sa masa hular kariya duk lokacin da zai taka, aka kuma hana shi shiga banɗaki shi kaɗai, domin faɗuwa ta biyu ita ce abin tsoro. Hannunsa da ƙafarsa na dama ba ƙarfi, tun da yake ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa shi ke sarrafa ɓarin dama na jiki. Matarsa ta koyi juya shi bayan kowane sa'o'i biyu don kada gyambo ya fito masa a baya da ɗuwawu, ta koyi zaunar da shi sosai kafin ta ba shi kunun gyaɗa ko faten acca mai kauri, cokali ɗaya bayan ɗaya, in ya sarƙe ta dakata, saboda abincin da ya bi hanyar huhu ya kashe irin waɗannan majinyata da yawa bayan sun tsallake tiyata. Ta koyi miƙe masa gaɓoɓi safe da yamma kamar yadda ma'aikacin sashen gashin ƙashi ya nuna mata, don kada su ƙage.

Ba na hana kowa addu'a, kuma ba na raina maɗori a kan karayar hannu. Amma kan da ba ƙashi ba wurin shafa magani da murzawa ba ne, ba wurin ƙaho ko sakiya ba ne. In wurin ya kumbura ya yi tauri, ko ya yi ja, ko yana fitar da ruwa, ko zazzaɓi ya taso, a koma asibiti a ranar. Haka nan in wurin ya zurma sosai, mutumin da yake samun sauƙi ya fara komawa baya, ga jiri, ga kasala, ga ciwon kai da yake ƙaruwa in ya zauna ya ragu in ya kwanta. Likitoci sun san wannan, nauyin iskar duniya ne yake danna ƙwaƙwalwar ta wurin da ba ƙashi, kuma alama ce cewa lokacin rufe kan ya yi.

Akan mayar da ƙashin ne yawanci bayan 'yan watanni, in kumburi ya sauka kuma ba ƙwayar cuta. In ƙashin ya zaizaye ko ya kamu da cuta, sai a yi amfani da farantin ƙarfen titaniyam ko wani irin siminti na ƙashi. Malala Yousafzai, yarinyar nan ta Pakistan da aka harba a ka a watan Oktoba na 2012, irin wannan aiki aka yi mata a asibitin soja na Peshawar, aka ajiye ƙashin a ƙarƙashin fatar cikinta, amma da aka zo rufewa a Birmingham ta Ingila a watan Fabrairu na 2013, titaniyam aka sa mata. Ta sami kyautar Nobel a 2014, ta gama Jami'ar Okisfod a 2020. Yaronmu kuwa nasa ƙashin aka mayar masa bayan wata biyar, jinkirin ma na kuɗi ne. An sayar da babur, an jinginar da gona, matan zumunta na majami'arsu suka haɗa nasu, abokan cinikinsa Musulmi na kasuwar citta suka ba shi kwasar adashensu tun layinsa bai zo ba. Na san gidajen da ba su sami haka ba, mutum yana yawo shekara da shekaru da kai a buɗe.

Magana ta fi ƙafa wuyar dawowa. Yaron nan da yana jin Hausa da Turanci da harshen mahaifiyarsa, amma bayan raunin sai ya zama yana gane abin da aka faɗa, kalmar da yake nema kuwa ta ƙi zuwa, ya nuna kofi ya ce takalmi, ya fashe da kuka don haushi. Abin mamaki, harshen mahaifiyar ne ya fara dawowa, kuma waƙoƙin da ya haddace tun yana yaro suna fita sumul a lokacin da gaisuwa take gagararsa. Wannan ma sananne ne. Gabrielle Giffords, 'yar majalisar wakilan Amurka da aka harba a ka a watan Janairu na 2011 aka kuma cire mata sashen ƙoƙon kai, da rera waƙa aka taimaka mata ta sake koyon magana. Wanda ya rasa kalma bai rasa hankali ba. Kada a yi masa tsawa kamar kurma, kada a ƙarasa masa zance, kada a yi maganarsa a gabansa kamar ba ya nan.

Abin da ya fi kome ci wa matarsa rai, in ji ta, ba ɗawainiya ba ce. Ta ce mini, "Baba, jikin nasa ne, amma wani lokaci sai in ga kamar wani aka sauya mini." Mutumin da aka sani da haƙuri ya koma mai saurin fushi, yana faɗin abin da ya zo bakinsa a gaban surukai, ya fara abu ya bari, ya ci abinci ya rantse ba a ba shi ba. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa shi ne linzamin mutum, shi ke hana shi faɗin duk abin da ya ji, shi ke tsara masa yau da gobe. Na ba mahaifinsa labarin wani ɗan'uwansa a aikin reluwe, Phineas Gage, shugaban lebura a jihar Bamon ta Amurka, wanda a 1848 nakiya ta tashi ta cusa masa sandar ƙarfe ta kumatu ta fita ta tsakiyar ka. Bai mutu ba, amma likitansa ya rubuta cewa halinsa ya sauya har masu aikin suka ƙi mayar da shi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne daga baya ya yi shekaru yana tuƙa keken doki na fasinja a ƙasar Chile, aikin da yake bukatar natsuwa da kiyaye lokaci. Ya rasu a 1860 bayan farfaɗiya ta kama shi.

Ita farfaɗiyar ma tana iya zuwa bayan watanni ko shekaru, daga tabon da ke ƙwaƙwalwa. Ba a ɗaukarta ta miyau, ba a cusa wa mai ita cokali a baki, kuma tana da magani, sharaɗinsa kada a yanke shi da ka. Burkutu da giya da ƙwayar tiramadol duk suna tayar da ita, haka ma rashin barci. Baƙin ciki mai zurfi shi ma yakan biyo baya, musamman ran da mutum ya gane abin da ya rasa. Wannan ciwo ne na likita, ba rashin godiya ba ne. Yawancin sauƙi a wata shida na farko ake ganinsa, amma yakan ci gaba a hankali har shekara biyu ko fiye, muddin ana motsa mutum, ana ba shi ɗan aikin da zai iya.

A shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince a mayar da babban asibitin Kafanchan, wanda yake ɗauke da sunan marigayi Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa, ya zama Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya. Abin farin ciki ne, amma ni ba allon suna zan duba ba. Zan duba ko akwai na'urar hoton ƙwaƙwalwa mai aiki da tsakar dare, da motar ɗaukar marasa lafiya mai mai a tankinta, da ma'ajiyar jini, da likitan da zai iya buɗe kai ya saki jini kafin a kai ga Jos, da ma'aikatan gashin ƙashi da masu koyar da magana, waɗanda kullum su ake mantawa da su a kasafi. Wani abin ma ba tsada gare shi ba. Wani babban bincike da aka buga a 2019, wanda asibitocin Nijeriya suka shiga, ya nuna cewa allurar tiranekzamik, mai rage zubar jini, in an yi ta cikin sa'o'i uku na farko tana rage mutuwa ga waɗanda rauninsu bai kai matuƙa ba. Ya kamata a same ta har a ƙananan asibitocin kan hanya.

Sai kuma hular kwano, wadda nake jin kunyar sake ambatawa. Da aka ce za a fara tilasta sa ta ran 1 ga Janairu, 2009, wasu 'yan acaɓa ƙwarya da tukunya suka kifa a ka don su yi wa hukuma ba'a, fasinjoji kuma suka ce ana sa asiri a ciki, ko za su ɗauki makero. Binciken da aka tattara ya nuna tana rage haɗarin rauni a ka da kusan kashi 69 cikin ɗari, mutuwa kuma da kusan kashi 42, in an ɗaure igiyarta. Kuɗinta bai kai na hoton ƙwaƙwalwa sau ɗaya ba.

Ran da zan baro Kafanchan na biya ta rumfar da yaron yake zama yanzu a wajen wani ɗan'uwansu, yana awon citta da gyaɗa. Yana ɗan jan ƙafar dama, maganarsa a hankali take fita, kuma ba ya jin ƙamshin kome, har cittar da ke gabansa. Yana da wani ɗan littafi a aljihu da yake rubuta duk wanda ya karɓi kaya da wanda ya biya, saboda ya daina amincewa da kansa a kan lissafin jiya. Bai koma hawa babur ba, likita bai ba shi izini ba tukuna. Ya ɗaga rigarsa ya nuna mini tabon da ke cikinsa, ya ce, "Baba, nan ne bankina." Sa'an nan ya duba littafin ya gaya mini ranar da zai koma ganin likita, ya ce in tuna wa mahaifinsa kuɗin mota.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan hawan jini.